Riƙe Min Takalmina

"Ba zan tsallaka ba, Bli! Ko goya ni za ka yi, ba zan tsallaka ba!"

Ina zaune a kan baƙin dutse na faɗa masa haka, ƙafafuna a kumbure saboda tsayuwar kasuwa tun asuba. Ruwan teku ya janye, ya bar jiƙaƙƙiyar hanya zuwa haikalin da ke kan tsibirin dutse. Rana ta yi ja, tana shirin faɗuwa.

Saurayina Arnawa, wanda nake kira Bli, wato yaya, ya tsaya a kaina cikin farar riga da ɗaurin kai na ibada.

"Rasmi, ki saurare ni..."

"Shekara uku ina sauraro. Kunnena ya gaji."

Da gaske na gaji. Ni kaɗai Bapa ya haifa, kuma a nan tsibirin Bali gidan da ba ɗa namiji mijin 'ya ne ke tarewa. Ya bar kakanninsa, ya ɗauki na matarsa, ya riƙe ɗakin bautar gidan. Arnawa yana da wa da zai riƙe gidansu, amma mahaifiyarsa Meme Sukri ta ce ita ba ta haifi ɗan da za a kai gidan mace kamar amarya ba. Har ta zaɓa masa Kerti, 'yar maƙwabtansu mai baki kamar reza.

Kertin ce ta zo rumfata da safe, tana jujjuya furanni ba ta da niyyar saye.

"Na ji yau za a kai ki bakin teku," ta ce. "Ayya... kin dai san abin da ake cewa."

Wa bai sani ba? Saurayi da budurwar da suka tsallaka haikalin nan tare kafin aure, rabuwa za su yi. Samarin garinmu marasa zuciya da haka suke sallamar budurwa, su ɗora wa teku laifi.

"In rabuwa kake so, buɗe baki ka faɗa," na ce. "Ba sai ka wahalar da alloli ba."

"Wa ya ce miki tare za mu tsallaka?"

Na ɗago kai.

Ya cire takalmansa ya ajiye a cinyata.

"Riƙe min, furena. Ni kaɗai zan shiga."

"Au, gadin takalmi ka kira ni? Tun daga kasuwa?"

"Ruwa zan ɗebo."

Sai a lokacin na ga 'yar tasar azurfa a hannunsa. Danginsu masunta ne, kuma duk 'yar da za ta bar gidansu sai an ɗebo ruwa mai tsarki daga idon ruwan da ke ƙarƙashin haikalin nan, a yayyafa mata ranar da za ta yi sallama da kakanni. Mata ake ɗebo wa. Ban taɓa jin an ɗebo wa namiji ba.

"Bli... na waye?"

"Nawa. Gobe da safe zan yi sallama."

"Meme fa?"

Ya nuna bayana da haɓa.

Tana saukowa daga matakala, kwandon hadaya a kai, ƙunshin kaya a hammata. Ta rame. Ta wuce ni ko kallo ban ishe ta ba, ta miƙa masa kwandon.

"Yi sauri, ruwa ba ya jiran kowa."

Ya tafi. Muka bi shi da ido, yana taka duwatsu a hankali har ya shige cikin masu fararen kaya.

Meme Sukri ta zauna a ɗaya gefen dutsen, ta saki nishi. Na yi zaton ranar da na yi nasara zan yi tsalle, sai ga shi ko murmushi ya gagare ni. Tausayinta ne ya cika min ciki.

"Wata biyu ba ya cin abincina," ta ce, idonta na kan teku. "Ya zauna a gabana kamar baƙo. Na ga ko na riƙe shi, ba shi na riƙe ba."

"Meme, ki yafe min..."

"Ke ma ba ke kika hana uwarki haihuwar namiji ba."

Ta turo min ƙunshin.

"Kayansa ne. In ya yi wanka da yamma tari yake yi, kar ki biye masa. Kuma ƙarya yake, ba ya iya cin yaji."

Dariya ta zo min tare da hawaye.

Ruwa ya fara dawowa, yana lasar hanya. Can na hango shi ya fito, ya ɗaga tasar sama da hannu biyu, igiyar ruwa na dukan gwiwoyinsa.

Muka miƙe tare, ban san sanda ta damƙe hannuna ba.

"Daga gobe ba nawa ba ne," ta ce a hankali. "Ranar da za a ƙona gawata, ba dolensa ba ne ya ɗauki makarata. Ta iyayenki zai ɗauka."

"Zai ɗauka, Meme."

"Al'ada ba ta ce ba."

"Ni na ce. A gidanmu ai ni ce mai gida."

Ta juyo ta dube ni, karo na farko a shekara uku.

Arnawa ya iso a jiƙe har ƙugu, ƙwayoyin shinkafar albarka manne a goshinsa, ko ɗigo bai zube daga tasar ba. Ya dubi hannayenmu, sannan ya dube ni.

"Rabin raina... takalmina?"

Na sunkuya zan ajiye masa, sai Meme ta karɓe su daga hannuna. Ta durƙusa da ƙyar, ta kakkaɓe yashin da bakin zanenta, ta jera masa a gaban ƙafa.

"Bar ni yau," ta ce. "Gobe ke ce."