Littafin Da Dakta Ba Ta Rubuta Ba

"Buɗe min shi in gani."

Dakta ta dafe kwamfutar, ta kasa ɗaga ido. Saurayinta, mai kemis, yana tsaye a ƙofar ofishin, ya ƙi zama.

"Masoyi, ban gama gyara shi ba..."

"Ban ce zan karanta ba. Gani zan yi."

Jami'arta ta ba ta hutun shekara guda don ta rubuta littafi, ba aji, ba jarrabawa. Wata jami'ar ta ara mata wannan ofis: tebur, fanka, da taga mai kallon wurin ajiye motoci. Saboda littafin ta sa aka ɗaga aurensu. Mahaifiyarsa ta yi faɗa, ta ce macen da ta fifita takarda a kan aure ba ta zaman gida. Shi ya tare mata, har uwar ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwarsa. Ga shi shekara ta zo ƙarshe.

Ta buɗe. Sunan littafi a sama. "Babi na ɗaya." Daga nan fari fat!

Ba zan yi mata kwaskwarima ba. Ba ciwo ta yi ba, ba a sace mata aiki ba. Kullum takan zo da safe, ta jera littattafai, ta rubuta layi, ta ga bai kai na Dakta ba, ta goge. Sai ta gyara tebur. Sai ta tafi sauraron laccar wani. Wannan rauni ne, yana samun kowa. Laifin yana wurin da saurayin yakan kira da yamma ta ce masa aiki na gudu.

'Yar kawunsa sakatariya ce a sashen da ofishin yake, kuma ita uwar ta so ya aura. Ita ta leƙa kwamfutar, ita ta kai masa labari.

"Babi na huɗun da kika ce ya sa ki kuka fa?"

Ya nuna farin shafin da yatsa.

"Har addu'a na sa Mama ta yi wa babi na biyar!"

"Tsoro na ji, wallahi... Kana kirana Dakta da alfahari. Na kasa ce maka na kasa."

"Ni littafi zan aura? Ɗauki mayafinki."

"Ina za mu?"

"Wurin Mama. Ni na rantse mata a kanki. Da bakinki za ki faɗa mata."

Sun tarar da uwar a falo, sakatariyar na gefenta tana matsa mata ƙafa, tana murmushi. Dakta ta durƙusa. Mai tsayawa gaban ɗalibai ɗari, yau muryarta ko kujera ba ta kaiwa.

"Ɗaga murya, 'yar nan, kunnena ya tsufa."

"Mama, ban rubuta komai ba. Ƙarya na yi masa, shi ya kawo miki."

"To duk shekarar nan me kike yi?"

"Gogewa, Mama."

Tsohuwar ta nuna ta da yatsa.

"Na ɗauka raina mu kika yi. Ashe tsoro ne. Matsoraciya ana zama da ita. Maƙaryaciya ce ba a zama. Wacce ce ke?"

"Na daina, Mama."

"Za mu gani. Ke kuma, saki ƙafata, kawo wa matar yayanki ruwa."

Aka sa rana. Amma aure ba ya goge aikin da ba a yi ba. Da hutun ya ƙare, Dakta ta koma jami'arta, ta tsaya gaban shugaban sashe ta maimaita maganar nan. Ƙarin girman da take jira ya wuce ta, wata da ke ƙasa da ita ta samu.

Ta fito ido jawur. Mijinta na cikin mota yana jira.

"Kin faɗa musu?"

"Duka."

"Yau me kika rubuta?"

"Layi biyu... marasa kyau."

"Bar su, Dakta. Kar ki taɓa su."