Asabar ta Ƙarshe a Tsohon Gida

"Auta, ki dube ni mana! Magana nake miki."

Ba ta dube shi ba. Idonta na kan Baba, wanda ke tsaye a bakin igiyar da aka gitta a ƙofar falon, ya ƙura wa wani ƙaton agogo ido.

Duk Asabar motar yawon buɗe ido takan kwaso mutane daga birni zuwa wannan tsohon gida da aka mayar gidan tarihi, da yamma ta mayar da su. Dogo ne direbanta. A gidan nan Baba ya yi aikin kula da agogo tun yana saurayi har ya tsufa. Da ciwon mantuwa ya kama shi, sai ya manta sunan 'ya'yansa, ya manta Mama ta rasu, amma da zarar ya taka matakalar gidan nan hankalinsa yake kwanciya. Shi ya sa Auta ba ta fashin kawo shi. A hanyar nan suka saba da Dogo, har sabo ya zama so.

"Na ji ka," ta ce a hankali. "Jibi za ka koma garinku."

"Ba don ina so ba, wallahi! Idon Umma ya tafi gaba ɗaya. Shekaranjiya ta ƙone hannunta a kicin. Ni kaɗai gare ta, kin sani..."

"Na sani."

"To ki amince a ɗaura aurenmu, mu tafi da Baba. Ni zan dinga yi masa wanka, ni zan yi masa aski!"

Ta yi wata dariya mai kama da kuka.

"Ka manta da aka kai shi gidan Yaya? Ƙin cin abinci ya yi, yana ta dukan ƙofa wai an sace shi. A bakin titi aka tsince shi, ko takalmi babu. Likita ya ce kada a sake raba shi da inda ya sani. Kai ma ka gwada kawo Umma, ta kasa gane ko hanyar banɗaki."

Dogo ya jingina da bango, ya runtse ido. Masu yawo suka wuce su suna ɗaukar hotunan tsofaffin kujeru, wata mata tana tambayar ma'aikacin gidan ko gadon can na asali ne.

"To yaya za mu yi, abar ƙaunata?"

"Ban sani ba... Na juya ta ko'ina, ban ga ƙofa ba."

"Zan jira ki."

"Kar ka faɗi haka!" Muryarta ta karye. "Jiran me? Ka sa ni in dinga duban mahaifina ina lissafin kwanansa?"



Sai ga Baba ya tako, yana jan ƙafa. Ya dubi Auta, ya dubi Dogo, fuskarsa ta cika da fara'a irin ta mai ganin baƙi.

"Samari, kai ne mijin baiwar Allah nan?"

Dogo ya sunkuyar da kai.

"Ka riƙe ta da kyau. Ban san 'yar gidan waye ba, amma kullum ita take ɗaure min takalmi. Iyayenta sun yi dace."

Auta ta toshe bakinta da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa.

Yamma ta yi, suka kama hanyar komawa. Baba ya yi barci a kafaɗarta. Sau da yawa ta ɗaga kai ta ga idon Dogo a madubi, ja wur, sai kowa ya kawar da kai.

Da suka iso tasha, Dogo ya zagayo ya riƙo hannun Baba, ya sauko da shi a hankali.

"Sai wani satin, direba!" in ji Baba.

"Allah... Allah ya kai mu, Baba."

Dogo ya dubi Auta. Ta girgiza kai, alamar kada ya ƙara ko kalma. Ya koma mota. Tana tsaye ta juya baya har ƙarar injin ta ɓace cikin hayaniyar titi.

Baba ya leƙa fuskarta, hankalinsa a tashe.

"Subhanallahi! Wa ya taɓa ki, yarinya?"

Ta share hawayenta, ta gyara masa wuyan riga.

"Babu kowa, Baba. Riƙe hannuna, za mu tsallaka."