Finjalin da Aka Cika

Rudaina, mai yi wa 'yan yawon buɗe ido jagora a ƙasar Jodan, tana tsakiyar nuna wa matan garin Irbid zanen da ke daɓen tsohuwar majami'ar sufaye ta Dutsen Nebo, sai wata murya daga baya ta ce ko an yarda a yi tambayar da ba ta tarihi ba.

Ba ta juya ba. Muryar Muhannad ce, wanda saura ƙiris ya zama mijinta wata uku da suka wuce.

"Ba a yarda ba," ta ce, ta ci gaba da bayani.

Nan ya zo ya jira ta, don ya san hanyar da take bi da baƙi. Da aka koma bas ya lallaɓi direba Abu Sakar, ya samu kujerar baya. Ummu Fadi, shugabar matan, ta ƙare masa kallo ta ce, "Ɗana, wannan fuskar taka ba ta mai son duwatsu ba ce." Aka yi dariya, ban da mutum biyu.

Abin da ya raba su bai kai loma ba. Ranar neman aurenta mahaifin Muhannad ya zo da maza sittin. Gahawa kaɗan ake ɗiga wa babban baƙo a gindin finjali, ya ajiye, ba zai sha ba sai an ba shi abin da ya zo nema. Mutib, ɗan baffanta da ta ƙi har sau biyu, shi ya riƙe butar. Ya cika finjalin dattijon fal, har baki. Kowa a ƙasar nan ya san wa ake cika wa finjali: wanda ake so ya sha ya ƙara gaba. Dattijon ya miƙe bai sha ba, maza sittin suka hau neman takalmansu.

A ganuwar Karak, bayan azahar, ta ba matan labarin da take bayarwa kullum, na shekarar da Salahuddini ya yi wa wurin ƙawanya ana cikin biki. Uwar ango ta aika masa abinci, shi kuma ya tambayi hasumiyar da amarya take, ya hana a jefe ta. Ummu Fadi ta ce mazan jiya ke nan, kafin a ƙirƙiro baffanni.

Da matan suka watse ɗaukar hoto, ya same ta a bakin katanga.

"Rabin raina... kin rame."

"Hawan matakala ne. Faɗi abin da ya kawo ka."

Ya ce mahaifinsa ya sa wa'adi. Ko a kawo Mutib ya ba da haƙuri gaban mutane kafin Juma'a, ko mazan nan sittin su nufi gidan gwaggonsa neman 'yarta. Ya ce ta taimaka ta roƙi babanta. Ta ce ta roƙa har ta sumbaci hannunsa, baban ya ce hannun Mutib ne ya yi rawa, kuma ba zai tozarta ɗan ƙaninsa kan gahawa ba. "Ka ji," ta ce, "shi ma ya san gahawa ce kawai."

Ta dubi kwarin da ke ƙasa.

"Muhannad, ina bayan labule ranar, ban ga komai ba. Da babanka ya miƙe, kai fa?"

"Kowa ya miƙe, Rudaina..."

"Ban tambaye ka kowa ba."

"Na miƙe."

"Ran Juma'a kuma za ka shiga motar zuwa gidan gwaggonka?"

Ta ba shi lokacin da ba ta taɓa ba wani baƙo ba. Bai yi amfani da shi ba.

"Ka gaya wa 'yar gwaggonka ta zuba ido kan mai riƙe buta," ta ce. "Allah ya sa albarka."

Ƙarfe huɗu matan suka shiga bas. Shi yana tsaye a ƙofar ganuwa, bai taho ba, bai tafi ba. Abu Sakar ya dube ta.

"'Yata, mu jira shi?"

"Mu tafi, Baffa."

Sun yi nisa kafin Ummu Fadi ta taso da ƙyar ta zauna kusa da ita. Ta ja kan Rudaina ta kwantar a kafaɗarta, ta daka wa sauran matan tsawa su kalli taga.