Jiƙaƙƙen Buhu a Sabon Gari

Ana saukowa daga Juma'a aka kira komisariya, wato ofishin 'yan sanda. Wuta ta ci wani shagon haɗa bidiyon biki a Sabon Gari, kuma akwai gawa a ciki.

Insifekta Abubakar Sadiq ya tarar an kashe wutar, unguwa kuma ta riga ta yanke hukunci. An matse wani magidanci a jikin bango, bakinsa na jini, an farfasa masa moto, babur ɗinsa. Sunansa Yo'el, mutumin Tsibiri, shi ke gyara wa shagon odinatoci, wato kwamfutoci. Hujjar mutane ɗaya ce: kowa ya tafi masallaci, shi kuwa Kirista ne, ba ya zuwa.

"Wanda ya ƙara taɓa shi, tare za su kwana," in ji Insifekta. Ya sa aka jefa Yo'el a mota.

Mamacin shi ne mai shagon, Maman Lawali. Masassara ce ta kwantar da shi a ƙuryar shago, hayaƙi ya kashe shi a bakin ƙofa. Abin da ya tafasa zuciyar Insifekta kwaɗo ne. Daga waje aka kulle ƙofar, sai da aka yanke shi.

Inda wutar ta tashi, babbar odinatar ce ta ƙone ƙurmus. A jikin ƙarfenta akwai ragowar buhun algarara ya manne, a ƙasa kuma ga robar wanka ta narke. Insifekta ya ɓamɓaro guntun buhun ya sa a leda.

A komisariya Yo'el ya rantse bai taɓa na'urar ba. Insifekta ya buga tebur, ya ce masa mutum ya mutu, in ya ci gaba da rantsuwar banza shi zai ɗauki gawar a kansa har gidan kaso. Sai bakin ya buɗe.

Ya ce Nabil, ƙanin matar mamacin, shi ke haɗa bidiyo. Wani shago a unguwar Zariya ya fi su saurin ba da aiki, amare duk sun koma can. Shi ne Nabil ya matsa masa a ƙara wa ƙwaƙwalwar na'urar gudu fiye da yadda maƙeranta suka tsara.

"Ana yin haka?"

"Ana yi, ranka ya daɗe. Ka ƙara mata gudu, ka ƙara mata wuta kaɗan-kaɗan. Sannan ka ɗora mata aiki mai nauyi, ka bar ta tana ja ba hutu, ka ga ko za ta jure ko za ta ƙage. Amma zama ake yi a gabanta ana duban zafi."

"Kai ka yi masa?"

Ya ce ya ƙi, don akwatin wutarta ɗan arha ne, ga zafin bazara. Nabil ya kira shi baƙauye matsoraci. Da gorin ya ishe shi, ya nuna masa inda ake shiga a canza, har da inda ake hana ta kashe kanta in ta yi zafi.

"Ka nuna wa wawa bakin rijiya, ka ce ba ka taɓa ba," in ji Insifekta. Ya tura masa ledar. Yo'el ya juya guntun buhun, ya ce shi bai san abin da zai haɗa buhu da odinatar ba.

Da la'asar Insifekta ya sami Nabil a gidan mamacin. Idanunsa sun yi ja. Ya ce tun safe yana Jiratawa wajen sayo wa yayarsa zogale, labarin wuta a hanya ya same shi. Ya ƙara da cewa Yo'el ma yana da makulli, kuma irin su ba a san cikinsu ba. Insifekta ya tambaye shi ina zogalen. Ya ce ruɗewa ta sa ya bar shi wajen ɗan kabu-kabu.

Washegari Insifekta ya koma Sabon Gari. Mazan layin kowa ya ce yana masallaci. Daura da shagon akwai wata Zuliha mai sayar da ƙanƙara da lemun ɗauri. Ya tambaye ta me ya hana ta magana jiya.

"Wa ya tambaye ni? Maza na ta dukan mutum, ni zan kutsa?"

Ta ce kafin kiran salla Nabil ya sayi ƙanƙara cike da roba, ya tsoma buhu a ciki. Har ta tsokane shi ta ce ko jarkar ruwa zai naɗe, irin yadda ake yi don ruwa ya yi sanyi. Ya ce abin da zai sanyaya ya fi ƙarfin kanta. Da idonta ta ga ya danna kwaɗo, ya hau moto.

Insifekta bai tsaya kiran kowa ofis ba. Ya ɗauko Yo'el, ya nufi wurin zaman makoki, inda rabin waɗanda suka yi dukan ke zaune kan tabarmi suna jan carbi. Ya tsaya a kan Nabil, ya jefa masa ledar a cinya.

"Odinatar jarka ce?"

Nabil ya ce bai gane ba.

"Za ka gane. Ka ƙara mata gudu, ka cire mata birki, ta ɗau zafi, ka lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu. Ruwa ya ɗiga cikin akwatin wuta. Zuliha ta gan ka. In kira ta nan, ko za ka faɗa da bakinka?"

Samira, matar mamacin, ta fito bakin zaure.

Nabil ya fara da cewa gwajin sau biyu yana ƙagewa, shi ya sa ya yi dabarar buhun. Ya ce so yake Yaya Maman ya tashi ya ga na'urar tana tashi sama.

"Kwaɗon fa?"

"Yana yawan kashe mini ita, wai tana ƙara. In aka katse gwaji sai an sake daga farko. Na ce kafin ya farka na dawo daga masallaci."

"To, ka san yana ciki."

Nabil ya sunkuyar da kai. Ya ce ya sani.

Samira ba ta yi kuka ba. Ta dubi ƙaninta, ta ce jiya da hannunsa ya karɓi ruwan da ta ba shi, yana gaya mata Yo'el ne. Ta juya ta shige.

Insifekta ya sa masa ankwa, ya miƙar da shi. Sannan ya juya ga masu carbi, ya nuna musu kumburarren bakin Yo'el. Ya ce wanda ya fasa moton nan ya kawo kansa komisariya kafin a zo ɗaukarsa, don layin gaba ɗaya ya san shi. Babu wanda ya ɗago.

Ya tasa ƙeyar Nabil zuwa mota. Yo'el ya tsaya a gefen tabarma, ya yi wa mutanen da suka dake shi gaisuwar rashi, ya kama hanyar tashar Tsibiri a ƙasa.