Shukar Da Ba Ta Buƙatar Kowa

“To idan babu mai yanke ta fa? Idan mace ce ita kaɗai, kuma tana wuni a wurin aiki?”

Furera ta tsaya cak. Saurayinta Mudathir ne ke tambayar Raymond, dattijon da ke sayar da shuke-shuke a bakin garin Bowie na Amurka, ya kuma yi ƙasa da murya wai don kada ta ji.

Ta ji kuwa!

Raymond ya ɗaga wata 'yar tukunya mai ganye mai sheƙi. “Wannan binka ce. Inuwa take so, barewa ba ta cin ta, ba yanka, ba taki. Ku ba ta ruwa har ta kama ƙasa, daga nan ku manta da ita. Ba ta buƙatar kowa.”

“Injiniya...” Ta kira Mudathir da laƙabinsa. “Wace mace ce ita kaɗai?”

Bai yarda sun haɗa ido ba.

“Mu je mota, Furerata.”

Tun da Furera ta sayi gidan nan da guminta na aikin jinya, bayansa ya ƙi ciyawa ƙememe. Wani tsohon itace ne ya baje rassa ya hana rana sauka. Kowace Asabar Mudathir zai taso daga garin College Park, ya barbaɗa iri, ya yi ban ruwa, ya tura injin yanka a kan ɗan abin da ya tsiro. Ciyawar ta mutu, shi kuma ya dawo. Umma, mahaifiyar Furera, wadda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya ɗora a kan keke, tana leƙensa ta taga tana dariya.

“Wannan yaron dai ba ciyawa ce ke kawo shi ba.”

Ba ita ba ce kam. Har an sa rana, an kuma yi shawara shi zai tare a gidan, don keken Umma ba zai hau benen da yake haya ba.

Cikin motar Mudathir ya kifa kai a kan sitiyari.

“Afnan ta ɗauke ni hoto a waya.”

“Afnan 'yar kawunka? Wadda ta zo gaida Umma? Ni fa na zuba mata zoɓo da hannuna!”

“Ita. Ina durƙushe a bayan gidanki, laka har gwiwa. Ta tura wa dangi kaf, har Hajiyarmu a Zariya.”

“To sai me? Aiki laifi ne?”

“Hajiya ta ce ɗan da ta haifa ya zama yaron gidan mace. Ta ce a zuri'armu amarya ake kai wa ango, ba a taɓa kai ango ɗakin amarya ba. In na tare a gidanki, ba ta yafe min nonon da na sha ba.”

“Innalillahi...” Ta kama hannun rigarsa. “In sayar da gidan mana! Ka kama wani da sunanka, wanda ba bene ba, ni ko ɗaki ɗaya ne zan zauna. Masoyi, gida ne fa kawai!”

“Na gaya mata haka.”

“Ta ce me?”

Sai da ta girgiza shi sannan ya amsa.

“Ta ce ko gidan nawa ne, ba zan kwana rufi ɗaya da surukata ba. Wai ai ƙasar nan akwai gidajen tsofaffi.”

Furera ta saki rigar.

Umma, a gidan tsofaffi? Umman da ba ta jin Turanci, wadda ba ta iya haɗiye tuwo sai an dama mata shi da miya, wadda ba ta yarda kowa ya yi mata wanka sai 'yarta? Wallahi wasu mutanen, daga nesa komai sauƙi yake musu.

“Ka san abin da kake faɗa kuwa?”

“Na sani. Shi ya sa ban roƙe ki ba. Da kin ce to, da ba ke ce wadda nake so ba.”

“Ashe sallama ka kawo ni in zaɓa.” Hawaye suka ɓalle mata. “Ni kuwa tun safe ina ta murna, wai muna gyara inda yaranmu za su yi wasa...”

“Ba na so in tafi in bar miki wahala ne, zuciyata.”

“Ka bar min wahalar! Wahalar ce ke kawo min kai!”

Shi ma kukan yake. Amma bai janye ba, ita ma ba ta janye ba, kowa uwa gare shi.

Ranar suka sayo binkar suka dasa ta. Yana haƙa rami, tana miƙa masa tukunya. Da ya kai gindin itacen sai ya ce, “Kada ki cika mata ruwa, saiwar ruɓewa take.” Ta gyaɗa kai kamar ɗaliba.

Umma ta buɗe taga da hannunta mai lafiya.

“Mudassiru, yau ba a tada injin ne?”

Ya je ƙarƙashin tagar ya durƙusa.

“Umma, a yafe min.”

Tsohuwar ta dube shi, ta dubi 'yarta, ta dubi shukar. Ba wanda ya yi mata bayani, ba ta kuma nema ba.

“Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Ka bi uwarka.”

Sai da motarsa ta sha kwana sannan Umma ta fashe da kuka. “Ni ce ko? Ni na tsaya miki a hanya...”

Furera ta durƙusa ta rungume ƙafafunta.

“Kada ki ƙara faɗa, Umma. Ko gobe aka sake tambayata, ke zan ɗauka.”

Gaskiya ta faɗa, amma gaskiyar ba ta rage mata zafin komai ba.

Raymond bai yi ƙarya ba. Sanyi ya zo ya wuce, binka ta yaɗu ta rufe ƙasar nan da ta gagari kowa, har ta fitar da ƙananan furanni shuɗɗa. A watan ne hotunan bikin Mudathir da Afnan suka zaga wayoyin mutanen gari. Furera ta gani sau ɗaya, ta kife wayar, ta je ta ba Umma magani.

Injin yankan ciyawa yana gareji, ƙura ta rufe shi. Ta kasa bayar da shi.

Wata safiya maƙwabciyarta Constance ta leƙo ta kan shinge, ta tarar da ita tsaye a gindin itacen da tiyo a hannu, ruwa na malala a kan ganye.

“Furera, haba! Jiya fa aka yi ruwan sama. Wannan shukar ba ta buƙatar ban ruwa, kashe ta za ki yi.”

“Na sani.”

“To me ya fito da ke?”

Furera ta share ido da bakin mayafinta, ta kalli ƙofar da ba wanda zai turo.

“Yau Asabar ce,” ta ce.