Jinginar Gidan Na'Allah

Baraka tana tankaɗen garin tuwo a ƙofar ɗakinta, rana ta karkata, sai ta ji sallamar mijinta ƙasa-ƙasa kamar ta baƙo. Na'Allah ya shigo hannuwansa baƙi ƙirin da man mota, ya zauna a kan turmi. Kwana tara ke nan yana sammako zuwa hanyar Roni, inda motarsa ta mace a gindin dutse, ya dawo da yamma fuska a murtuke.

"Sannu da zuwa, Maigida. Ta tashi kuwa?"

"Ba za ta tashi ba, Baraka. Injin ya buga. Makaniken da na ɗauko daga Kano ya buɗe ya gani, ya ce sai dai sabo. Fam arba'in, ban da kuɗin aiki!"

Rariyar ta suɓuce daga hannunta. Ta waiga ɗakin Inna, mahaifiyarsa, don kada tsohuwar ta ji.

Na'Allah a soja ya koyi tuƙi, lokacin yaƙin Bama. Da ya dawo Kazaure ya auri Baraka, 'yar Alhaji Maikasuwa mai sayen gyaɗa, auren so wanda gari ya daɗe yana zancensa. Bara da aka yi gwanjon tsofaffin motocin soja, ya matsa sai ya mallaki tasa. Surukinsa ya ranta masa fam sittin, shi kuma ya jinginar da gidan da ya gada wurin mahaifinsa. Aka rubuta a gaban shaidu cewa in kaka ta zo bai biya ba, a sayar da gidan. Yanzu ga gero an fara yanka, wa'adi saura kwana ashirin.

"Ka je wurin Baba," in ji ta. "Ka gaya masa gaskiya, ai ba dutse ba ne a ƙirjinsa."

"In je da wane ido? Mutumin da ko sunansa ba na iya faɗa, in tsaya gabansa in ce na cinye masa dukiya? Gidan nan ya fi kuɗinsa. Ya riƙe abinsa, kes ya ƙare. Ni kuwa in tsallaka iyaka ƙasar da Faransa ke mulki in nemi aiki, can sammaci ba ya zuwa."

"Inna fa? Ni fa?"

"Ke 'yarsa ce. Zai fitar da 'yarsa waje ne? Gida zai zama nasa a takarda kawai, kuna ciki abinku."

"Wallahi Maigida, kada ka yi haka — don girman Allah kada ka yi!"

Ta yi kuka, ta riƙe masa riga, har ya ce to, ya ji, gobe zai je. Washegari ya ce bari ya fara leƙa kasuwar Ɓaɓura ya sayar da tayoyin motar, don kada ya je hannu wofi. Ta tsaya a bakin zaure tana jin takunsa har ya ɓace. Kwana ɗaya, kwana biyu. A rana ta huɗu wani mai jakai ya kawo mata sule goma a ƙulle cikin tsumma, da saƙon cewa ya tsallaka iyaka, ta yafe masa.

Tun daga ranar abinci ya daina shiga cikinta. Duk sallamar da aka yi sai ta fito ta leƙa. Inna, wadda idonta ya yi rauni, takan lallaɓo ta tambaya, "'Yar nan, wai har yanzu motar ce?" Sai Baraka ta ce, "Ita ce, Inna." Ranar da masinjan alƙali ya zo da takarda yana kiran sunan Na'Allah da ƙarfi har maƙwabta na leƙe ta katanga, ba sauran abin ɓoyewa. Tsohuwar ta zauna daɓas a ƙasa tana salati.

Da la'asar Baraka ta lulluɓa ta tafi gidansu. Ta sami mahaifinta a turakarsa, ta durƙusa nesa.

"Baba, na zo roƙo ne. Gidan nan—"

"Tsaya, Baraka. Kina tsammani kuɗin da na ba mijinki nawa ne? Kuɗin kamfani ne da suka ba ni in saya musu gyaɗa. Na gutsura na ba shi saboda ke. Yanzu akawunsu ya aiko daga Kano sau biyu, in ban cika ba za su karɓe sikelina su ba wani. Da ya zo ya zauna nan ya ce ga abin da ya faru, da mun san yadda muka yi. Amma ya gudu! Ya bar ni da mutanen Kano, ya bar ki da tsohuwa!"

"A yi haƙuri, Baba."

"Haƙurin nan ba shi ne zai biya kamfani ba. Gida za a sayar. Ke kuma ki tattaro kayanki ki dawo ɗakin uwarki."

Alƙali ya ba da kwana bakwai ko mai gida zai bayyana. Bai bayyana ba. Da yake sayarwar ta gaggawa ce, dillalai suka yi ta taya gidan a wulaƙance, har aka sallama wa wani mahauci a fam arba'in da biyar. Gidan da Na'Allah ya ce ya fi bashin, ko bashin bai rufe ba.

Ranar fita, Baraka ta ɗaure tukwane da tabarmi tun hantsi. Iyalin mahaucin sun riga sun iso, matarsa na auna ɗakin Baraka da taku tana cewa gadonta zai shiga. Inna ta dafa ƙyauren ɗakinta ta ƙi saki.

"Nan aka kawo ni ina amarya. Nan na haife shi. Nan aka yi wa ubansa wanka. Yau ni ce zan fita da ƙullin kaya?"

Baraka ta ɓamɓare yatsun Inna ɗaya bayan ɗaya, su biyun suna kuka. Ƙanen Inna, Kawu Daudu, manomi ne a Kanya Babba, shi ya zo da jakai zai tafi da yayarsa. Matarsa ta rasu, ba mace a gidan. Baraka ta dubi tsohuwar da ba ta iya ko hura wuta, sai ta koma wurin mahaifinta ta sake durƙusawa.

"Baba, Inna ba ta gani. In na bar ta, wa zai ba ta ruwa? Ka yarje mini in bi ta. Har yanzu da igiyar ɗanta a kaina."

Alhaji ya ce, "Igiyar da mai ita ya yar? To, ki je. Amma ki ji da kyau: ranar da ruwan shuka ya sauka, in bai dawo ba, zan aiko a ɗauko ki mu je gaban alƙali ki nemi a raba auren. Ba zan zuba ido ki tsufa kina jiran matsoraci ba."

"Na ji, Baba. Na gode."

A Kanya Babba bukkar kara aka gyara musu a bayan rumbu. Baraka, wadda ta tashi a gidan soro ana ɗebo mata ruwa, ta koyi suyar gyaɗa da matsar mai. Hannuwanta suka yi kanta. Kawu Daudu yakan kai mata man da ƙuli-ƙuli kasuwar Ɓaɓura, ya sayo musu hatsi, ya kuma tambayi duk bafataken da ya fito daga Arewa ko ya ga wani dogon direba mai tabo a goshi. Wani ya ce Damagaram, wani ya ce Matamai, wani ya ce ai ya ji an ce ya mutu. Ranar da aka kawo wannan labarin Baraka ta shiga bayan rumbu ta toshe bakinta da zane don kada Inna ta ji.

Gwaggonta Shatu ta zo daga Kazaure musamman. Ta dubi bukkar ta tafa hannu.

"Ke Baraka, asiri ya yi miki ne? Mutum ya tsoma ubanki a bashi, ya sa an yi gwanjon ɗakinki, kina nan kina yi wa uwarsa bauta! Ki zo mu tafi tun yau, masu so na nan."

"Gwaggo, na san ya yi laifi, kuma ina jin zafinsa fiye da kowa. Amma shekara uku bai taɓa ɗaga mini murya ba. Kunya ce ta kore shi, ba ƙiyayya ba. Baba ya ba ni zuwa ruwan shuka, a bar ni in cika."

Bazara ta shigo da zafinta. Duk ƙauyen ido na sama ana roƙon ruwa, ita kaɗai ce in ta ga hadari ya taso daga gabas sai ta tuna wa'adin mahaifinta. Takan yi istigfari, don ta san talakawa na jiran shuka, amma zuciyarta ba ta daina cewa a ƙara mata kwana ɗaya ba. Sau biyu hadari na haɗuwa baƙi ƙirin iska na watsa shi.

Can wani mai kanwa ya rantse wa Kawu Daudu cewa ya ga mutumin da idonsa a Magarya, yana dakon buhuna. Kawu ya ɗauki sandarsa da gora.

"Me zan ce masa, 'yata?"

"Kawu, ka ce masa gidan da ya ce ba za a fitar da mu ba, wata biyar ke nan wani ne a ciki. Ka ce masa Inna a bukkar kara take kwana. Ban ce ya kawo ko anini ba. Shi nake so ya zo, kafin ruwa."

Kwana shida da tafiyar Kawu, ranar Alhamis da azahar, sama ta ɓalle. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, yara na tsalle, maza na fito da iri. Baraka ta zauna a ƙofar bukka ruwan na dukan ƙafafunta. Washegari motar gyaɗa ta tsaya a bakin gari da saƙon Alhaji. Baraka ta damƙa Inna a hannun maƙwabciya.

"Ki tafi, 'yar nan," in ji tsohuwar tana shafa fuskarta. "Kin yi abin da ɗan cikina bai yi ba. Allah ya yi miki albarka."

Ranar Asabar da hantsi a Kazaure, Alhaji ya sa babbar riga, ya ce Baraka ta fito su tafi wurin alƙali. Tana cikin soro na biyu sai ta ji sallama a zaure. Muryar Kawu Daudu ce. Sai wata muryar, a dishe, wadda ko cikin kasuwa za ta gane. Ta leƙa ta kafar ƙyaure. Na'Allah ne, ya rame ya yi baƙi, ƙafafu a kumbure da taɓo, ya zube gaban mahaifinta goshi a ƙasa.

"Alhaji, na zo. Ba ni da hujja. Na ɗauka in na bar gidan magana ta mutu, ban san kan mata biyu na jefa ta ba. A ɗaure ni in ɗauri ne, amma a yafe mini."

Ya tura wani ƙulli gaba, sefa ce, kuɗin can, da ya tara a dako. Alhaji ko kallon ƙullin bai yi ba.

"Na'Allah, ka san abin da gudunka ya jawo? Da ka zo mini, da na kai ka wurin akawun kamfani ka yi musu tuƙi ana cirewa a albashinka, direba suke nema ido rufe. Da gidan ubanka na nan. Ka gudu, aka sayar da shi a arha, har yau da sauran fam goma sha biyar a kanka. Kuɗin ba su dame ni kamar hannun 'yata da na gani jiya ba."

Na'Allah ya fashe da kuka kamar ba tsohon soja ba.

"Baraka!" Alhaji ya ɗaga murya. "Na san kina ji. Ruwa ya sauka kafin ya zo, sharaɗina ya cika. Amma ke kika sha wuyar, ke za ki faɗa. Mu je wurin alƙali, ko kuwa?"

Ta fito ta durƙusa, kanta a ƙasa. "Baba, in ka yarda, a bar alƙali ya huta. Amma ya yi alkawari a gabanka da gaban Kawu: komai ya same shi nan gaba, a gida zai faɗe shi, ba a bayan iyaka ba."

"Na yi alkawari — wallahi na yi!"

Alhaji ya cire babbar rigarsa ya rataye. "Tashi ka je ka ga uwarka tukuna. Litinin ka same ni a sikeli."

Gidan dai bai dawo ba. Na'Allah ya yi shekara biyu yana jan motar gyaɗa tsakanin Kazaure da Kano, suna zaune a ɗakin aro, har ya biya saura. A shekara ta uku mai unguwa ya yanka masa fili a gefen gari, ya buga tubali da hannunsa ya yi ɗaki biyu. Inna ce ta fara shiga, Baraka na riƙe da hannunta, goye da ɗansu na fari. A nan Allah ya ba su rufin asiri, kuma ba a sake jin Na'Allah ya ɓoye wa matarsa ko surukinsa wata damuwa ba.

Samari, wanda ya ci bashi ya gudu bai sauke nauyin ba, ya ɗora shi ne a kan waɗanda suka fi ƙaunarsa. Kunyar tsayawa a faɗi gaskiya ta yini ɗaya ce, ɓarnar gudu kuwa sai a yi shekaru ana gyara. 'Yan mata kuma ku dubi Baraka: ba ta saɓa wa mahaifinta ba, ba ta yar da surukarta ba, ta yi haƙuri a lokacin da haƙurin ke da ciwo, Allah kuwa bai bar ta ta taɓe ba.