Akwatin Da Ya Zo Babu Komai

"Ki fasa su, khalas! Ko ki cire musu kai, shi ke nan magana ta ƙare."

Na dubi Hajiya Mairama, mahaifiyar Abdulwadud da zan aura, na dubi kantar da ke bayana.

"Hajiya, ai dukkansu kai ne da kafaɗa. In na cire kan, me ya rage?"

Ummi, mahaifiyata, ta mintsine ni. "Saudatu! Surukarki ce fa!"

"Ba ta zama ba tukuna," in ji Manar daga bakin ƙofa, tana gyara abayarta tana murmushi.

Manar 'yar ƙanwar Hajiya ce, kuma kowa a unguwar Misfala ta Makka ya san tun tana ƙarama take son Abdulwadud. Ita ta shigo ɗakina da sunan zumunci, ta ɗauki hoton kantar ta tura wa Hajiya: yarinya mai digiri tana tara gumaka a garin Makka!

Ba gumaka ba ne. 'Yan ƙananan mutum-mutumi ne na jaruman finafinan sararin samaniya, kowanne bai wuce tafin hannu ba. Akwai matuƙiyar kumbo mai tabo a kunci, akwai sojan ƙarfe, akwai wani tsoho mai ido uku. Yayana Sami ne ya fara sayo min su daga Jidda. Ranar da aka rushe gidanmu na unguwar Nakkasa, mutane na ɗibar katifu da tukwane, shi kuwa ya koma cikin ƙura ya naɗo min su a rigarsa. Shekara ba ta zagayo ba hatsarin mota ya ɗauke shi. Ko hotonsa ba mu tsira da shi ba.

"Ba zan fasa ba," na ce. Ban sunkuyar da kai ba.

Hajiya ta miƙe. "To ɗana ba zai kwana a gidan da mala'iku ba sa shiga ba."

Washegari da la'asar Abdulwadud ya kira ni.

"Habibti, masoyiyata..."

"Kai ne mai karatun fiƙihu. Ka gaya mata babu laifi."



"Ba zan yi miki ƙarya ba, Sauda. Malamai sun yi magana kan jera surori a ɗaki. Hajiya ba daga kanta ta ƙago ba."

"To ka auri Manar! Ɗakinta ko 'yar tsana babu."

"Haba, ranki ya daɗe, ki bari in gama..."

Na kashe wayar.

Na yi kuka, wallahi na yi. Amma na ci gaba da zuwa makarantar da nake koyarwa, kaina a sama. A gidajen biki mata na nuna ni da baki. Wata ta tambaye ni ko gaskiya ne ina yi musu turare. Na ce a'a, shayi nake dafa musu.

Ummi ba ta matsa min ba. Ta ce kawai, "Na san wanda kike gani a jikinsu."

Ana haka sai ga saƙo: za a kawo lefe sabon gidanmu na unguwar Ka'akiyya.

Na zaci kuskure ne.

Gwaggo Aishat, yayar babana, ita ce mai buɗe akwatuna a danginmu. Ta zauna a tsakiyar falo mata sun kewaye ta, tana ɗaga atamfa da leshi da turaruka ana guɗa. Ni ina ɗaki ina leƙe. Ta jawo na ƙarshe, ƙarami, na katako. Ta buɗe.

Guɗa ta tsaya cak.

"La ilaha illallahu! Akwati babu komai? A lefe? Mu za a wulaƙanta?" in ji Gwaggo.

Manar ta rufe baki tana dariya.

Amarya ba ta fitowa ranar lefe. Na fito.

An raba cikin akwatin gida-gida, kowane gurbi an shimfiɗa masa karan-miski shuɗi, ɗinkin hannu. Na dubi gurbin farko. Daidai faɗin kafaɗar matuƙiyar kumbo.

Hajiya Mairama, wadda ta biyo masu kawo lefen, ta yi gyaran murya.

"Abdulwadud ya ƙera, ni na ɗinka. Da hoton da Manar ta turo muka auna." Ta juyo gare ni. "Ya binti, 'yata, me ya hana ki gaya min na Sami ne? Sai da ɗana ya zaunar da ni ya gaya min. Nima na binne ɗan'uwa. Ba za a jera su a bango ba, wannan ban canja ba. Amma a rufe, ki tafi da su ɗakinki."

Ni da ban taɓa durƙusa wa kowa don neman alfarma ba, na durƙusa na kifa kaina a cinyarta.

"Na gode, Hajiya... na gode."

"Ummi za ki ce, mai taurin kai."

Bayan kowa ya watse na saka su ɗaya bayan ɗaya. Gurbi ɗaya ya rage. Na kira Abdulwadud.

"Malam, ka yi kuskuren lissafi."

"Ban yi ba, amaryata," ya ce yana dariya. "Sami ya fara. Ki bar min in ci gaba, amma sojojin ƙarfe kawai zan sayo, su ba surar mai rai ba ce."

Na rufe akwatin a hankali, na ce Alhamdulillah.